Larabar Sai-Gobe Mai Aski

Da sanyin safiya yake buɗe shago. Ya goge madubi, ya jera inji da almakashi kusa da hannunsa don kada ya yi taku ko ɗaya a banza. In ya gama kai ɗaya sai ya zauna ya huta, sannan ya kira na gaba. Da ya ji numfashi ya fara yi masa gardama zai kashe inji, ko da layi ya kai bakin titi, ya ce, "Jama'a, sai gobe." Sunan da ya bi shi ke nan, har jikokinsa da shi suke tsokanarsa.

Ciwon zuciya ya kama shi tun babu furfura a kansa. 'Yan'uwa suka ce ya rufe shago ya kwanta, ya ce kwanciyar ce za ta fi saurin kashe shi. Sai ya koyi tattalin ƙarfinsa kamar ruwan randa ranar da famfo ya ɗauke. Ya san in ya wuce gona da iri, da shagon da ransa duk zai iya rasawa.

Wani direba ya taɓa marairaice masa, "Haba Baba, kai ɗaya ne fa!"

"Ɗana, kai ɗayan nan shi zai kwantar da ni har jibi. Sa hularka, ba mai gani."

Ranar Laraba kuwa ba ya buɗewa sam, masu baki suka ce lalaci ne. Wata nas ce ta rufe musu baki. Ashe ƙarfin Laraba tara shi yake yi don Alhamis, ranar da yake hawa benen asibiti, yana hutawa a kowane hawa, ya yi wa masu ciwo irin nasa aski kyauta. Nas ɗin ta ce akwai wani majinyaci da ya daina magana da kowa. Aka gyara masa gemu, ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya ce, "Baba, da gaske ciwonmu ɗaya?"

"Ɗaya ne. Ga ni kuma a tsaye."

A ranar mutumin ya ce a kira masa matarsa.

Kai ne gwarzon da bai ji kunyar cewa ya gaji ba, Sai-Gobe. Ciwo ya so ya raba ka da sana'arka, ga shi ka yi furfura da almakashi a hannu. Wallahi muna alfahari da kai. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Duk mai fama da jinya ya yi koyi da kai, mai lafiya kuma ya daina kiran hutun wani lalaci.

A makon nan Sai-Gobe ya miƙa wa ɗansa makullin shago. Ɗan ya kai hannu zai ɗauki tsohuwar jakar kayan aski, dattijon ya dafe ta.

"Wannan bar min ita. Ana jira na ranar Alhamis."