Injin Aro da Muka Tarbi Baƙi da Shi

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal cikin Maradi, na tafka wata wauta da har yau idan na tuna ta sai haushin kaina ya dawo mini sabo fil. Ba ni kaɗai na yi ta ba, da ni da mahaifiyata ne, amma ita har gobe ba ta yarda tana da kaso a ciki ba.

Mahaifiyata ce shugabar wata 'yar ƙungiyar mata a Jiratawa. Wani dattijo ne ya ara musu fili a bakin gari, can inda ruwan kanal, magudanar noman rani, ba ya kaiwa. Suna noma zogale da tumatir da albasa, su raba wa zawarawa da tsofaffin da ba su da mai nema musu, sauran su dafa su kai wa masu jinya a gidan likita. Rijiya ɗaya ce a filin, da guga suke ja, matan kuwa mafi yawansu sun manyanta. Rabin filin kawai ƙarfinsu yake iya shayarwa. Sai dattijon ya aiko ya ce shi fa ba zai zuba ido ƙasarsa tana zaune a bushe ba. Idan rani ya sake wucewa haka, zai karɓe rabin ya ba mai inji.

A lokacin akwai wata gidauniya da 'yan gari suka kafa: 'yan kasuwa, ma'aikata, da 'ya'yan Maradi da ke zaune a waje, kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa. Su ba sa yin aikin da kansu. Ƙananan ƙungiyoyi irin ta mahaifiyata suke dubawa, wadda ta fi buƙata su saya mata abin da ta nema. Da yake ni ne mushe a gidanmu, wato malamin makaranta, ni na zauna na rubuta dosiye da Faransanci mai kyau, na roƙi injin ban ruwa, na kai biro ɗinsu, wato ofishin gidauniyar. Bayan 'yan makonni aka ce kwamiti zai zo ranar Asabar ya gani da ido. Aka kuma gaya mini gaskiya: mu biyu muka rage, mu da wasu mata a Tibiri, kuma ɗaya kawai za a iya yi wa a shekarar.

Da na kai wa mahaifiyata labari, ba ta tambaye ni me za su duba ba. Cewa ta yi, "Mutum nawa ne? Suna cin zabo?"

Na ce, "Inna, ba biki za su zo ba."

Ta ce, "Baƙi dai ne ko? Daga Maradi? To ba ni tarbar su a ƙasa."

Kafin kwana biyu mata sun fito da ankon wani suna da aka yi bara, an kama zabi, an share fili har da inda ba a takawa. Ni aka aika Sabon Gari wajen abokina, wanda ke ba da hayar kujeru da rumfunan biki. Nan ne ni ma na ƙara tawa. Abokin nan nawa yana da lambu, yana da inji. Sai dabara ta zo mini: in ari injin kwana uku, mu jiƙa busasshen rabin, mu yi kunya-kunya mu zuba iri, don baƙi su ga mata ne masu himma, ba masu zaman jira ba.

Abokina ya dube ni ya ce, "Kai da kake roƙon inji, shi ne za ka nuna musu inji?"

Na ce masa ai ni ba yaro ba ne, ranar Juma'a da yamma zan ɗauke shi in ɓoye a gida. Na kuwa ɗauke, da hannuna na kai shi zauren gidan mahaifiyata na rufe da buhu.

Ranar Asabar na taso daga unguwar Zariya a kan moto, ɗan babur ɗina, motar kwamiti tana bina a baya. Tun kafin mu sauka daga gudro, titin kwalta, na fara jin wani tututu daga wajen filin. Ashe da safe matan suka ga ba daidai ba ne baƙi su zo su iske wuri shiru, suka sa aka fito da injin aka tayar. Muka isa, ga rumfa, ga kujeru a jere, ga mata cikin anko, ga ruwa yana gudu cikin kunya-kunya gwanin sha'awa. Wallahi ko ni da na san komai sai da na ji kamar mu ya kamata a zo roƙo wajenmu.

Cikin baƙin akwai wani alhaji mai sayar da atamfa, da wata hajiya babbar 'yar kasuwar hatsi, da wata matashiya mai riƙe da littafi tana rubutu. Aka ci aka sha. Sai alhajin ya gyara zama ya tambayi mahaifiyata, a gaban kowa, me ya fi damun su a nan.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji. Asirinmu a rufe yake. Addu'arku dai muke so."

Na yi tari. Babu wanda ya kula ni.

Ya nuna injin ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Yana aiki, babu laifi."

Kun ga ba ƙarya ta yi ba, injin yana aiki. Na buɗe baki zan ce na aro ne, sai ta ɗago ta yi mini kallon nan da ta saba yi mini tun ina ƙarami idan na miƙa hannu cikin kwanon baƙo. Ni da nake tsawata wa aji guda su yi tsit, sai ga ni na haɗiye maganata na ce wa alhajin ya ƙara nama. Da za su tafi ma sai da ta cika kuloli biyu da zabi aka sa musu a mota.

Bayan kwana goma amsa ta zo. Matan Tibiri aka zaɓa, masu yin ƙuli-ƙuli suna ciyar da marayu. Na ji labarin cewa su a tabarma suka zaunar da baƙin, ruwa kawai suka ba su, suka kai su gaban injin niƙansu da ya mutu suka ce ga shi nan. Ban ji haushinsu ba ko kaɗan, sun fi mu hankali ne.

Na hau moto na tafi Jiratawa raina a ɓace. Na ce, "Inna, an tambaye ki abin da ke damun ki, kin ce addu'a. To ga addu'ar nan sun aiko."

Ta ce, "Mi kake so in ce? In tsaya gaban baƙi, gaban matan da nike shugabanta, in ce ba mu da komi? Ba a raine ni haka ba."

Na ce, "Ai takardar da na rubuta roƙo ce daga farko har ƙarshe."

Ta ce, "To takarda ta yi roƙon. Ba ni ba."

Washegari na tafi biro na yi ta bayani, har na ɗan ɗaga murya, abin da nake jin kunyarsa yanzu. Matashiyar nan mai littafi ta bari na gama, sannan ta ce, "Mushe, abin da muka gani muka rubuta. An riga an sayi kayan Tibiri." Na fito ina ta masifa a hanya ni kaɗai, alhali na san gaskiyarta.

Abokina dama tuni ya ɗauki injinsa, don shi ma lambunsa na jira. Irin da muka zuba a rabin nan ya tsiro kore shar, sannan ya bushe a gaban idonmu, don guga ba ta iya kaiwa can. Rani na ƙarewa dattijon ya cika maganarsa, ya ba wani rabin filin. Ban ga laifinsa ba, ya faɗa tun da wuri.

Wata Lahadi ina can filin, sai ga mota ta tsaya babu sanarwa. Hajiyar nan ce mai hatsi, ta zo mayar da kulolin da aka ba su zabi, ta cika su da shinkafa don ba a mayar da kwano haka nan. Ta iske mata tsofai-tsofai suna jan guga cikin tsummokaran aiki, babu rumfa, babu kujera ko ɗaya. Mahaifiyata ta rikice tana neman tabarma. Hajiyar ta riƙe hannunta, ta juya tafin ta duba kantar igiya, ta tambayi ina injin, aka ce mata na aro ne.

Sai ta ce, "Yaya, kujerun nan tun ranar na ga tambarin masu haya a bayansu. Ban damu ba, ni ma haka nake yi idan na yi baƙi. Ankon ma na san na suna ne. Injin ne ya ruɗe ni. Wa ke aron inji don baƙi?"

Duk matan suka juyo suka dube ni. Mahaifiyata ta nuna ni da baki ta ce, "Ga mai ilimin nan."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wato duk abin da mahaifiyata ta yi, 'yar gari ta gane shi ta kuma yafe, don al'adar gidansu ce ita ma. Nawa ne, na ɗan boko mai dabara, ya kashe mu.

Da shekara ta zagayo gidauniyar ta saya musu injin, ba a ma sa ni sake rubuta dosiye ba. Amma wanda aka ba rabin filin ya riga ya dasa mangwaro. Sai ga inji sabo yana shayar da ɗan wurin da guga ma take iya shayarwa. Daga lokacin kwamitin ya daina faɗin ranar zuwansa, abin da mahaifiyata take kira rashin tarbiyya har yau.

Yanzu ni ma ina cikin masu zuwa duba ƙungiyoyin nan, hajiyar ce ta jawo ni, ta ce wanda ya taɓa yin abin ya fi saurin gane shi. Abin da na koya shi ne mutanenmu ba sa faɗin rashi a gaban taro, ko da kuwa su suka aiko a zo. Wanda ya fi buƙata sau da yawa shi ne zai fi wahalar da kansa wajen tarbarka. Har yanzu abin yana ba ni haushi, ina so wani lokaci in girgiza mutum in ce faɗi mana, don wannan muka zo. Sai in tuna ni ma baki gare ni ranar nan, nama na ce a ƙara.

Mahaifiyata ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, kuma na daina jira. Amma ranar da zan fara fita da kwamitin ta kira ni ta ce, "In ka iske sun yanka kaza, ka ci, don kai aka yanka. Kada ka tambayi matar mutane cikin taro. Ka bari sai an watse, ka komo kamar ka mance hularka."

Tun daga ranar na mance hulata a ƙauyuka da dama. Rabin filin nan dai bai dawo ba. Mangwaron ya girma har yana 'ya'ya, kuma ta gefensa nake bi duk ranar da na je gaishe ta.