Baƙon da ke Riƙe Ƙoƙo

Yau yaran cocinmu ke karɓar jibin Ubangiji karon farko, wani baƙon dattijo ke taya Fada. Ramamme ne, farar rigarsa ta sha guga, ƙoƙon ruwan inabi na rawa a hannunsa.

Na zunguri ƙawata. "Pilang, wannan ai ya riga yaran ɗanɗanawa!"

Ni kuwa ban iya raɗa ba. Ya ji.

Yana durƙusa wa kowane yaro, amma yana kau da hanci, yana riƙe numfashi. Haka marigayi mijina ya riƙa yi shekarar da ya bar giya.

A al'adar cocinmu, mai riƙe ƙoƙo ne ke shanye ragowar. Shi sai ya miƙa wa Fada, kansa a ƙasa.

A bakin ƙofa ya ce mini, "A sauka lafiya, Lola," yadda ake kiran kowace tsohuwa a nan.

Na duƙufa gyaran lulluɓin da bai karkace ba.