Hantsin da Rijiya Ta Rufta

Ƙamshin ɗanyar ƙasa, irin wadda ake fitowa da ita daga can ƙasan rami, har yau yana tsayar da ni cak. Bari in gaya maka dalili.

A ƙauyenmu kusa da Yekuwa, 'yan shekaru kafin Nasara su iso Damagaram, rijiyarmu ta ƙafe a tsakiyar bazara. Ina 'yar shekara takwas. Aka shiga ƙara mata zurfi. Babana ne mai shiga rami, ƙaninsa kuma yana sama yana jawo yashi da igiya. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta da riƙo.

Wata rana da hantsi na kai musu fura. Ban kai ga sauke ƙwarya ba sai na ji wani gunji, kamar rumbu ya faɗi. Gefen ramin ya rufta a kan babana.

Maza suka sheƙo, suna kwasar yashi da ƙore, wasu da hannu. Itatuwan da aka tokare bango da su sun bar masa ɗan wurin numfashi, muna jin muryarsa kamar daga cikin tulu.

"Dare ya yi ne?" in ji shi.

"Yaya, hantsi ne," in ji baffana. "Ko inuwa ba ta gusa ba."

"Wallahi na zaci na kwana biyu."

Ni ma a sama haka na ji. Ina tuna tururuwar da ta hau ƙafata, da ƙudajen da suka rufe furar, da bakin zanen Inna da ta cusa a baki don kada ta yi ihu. Ana kwashe ƙwarya ɗaya, biyu su gangaro. Na duba rana ya fi a ƙirga, tana nan inda take. Sau ɗaya ya sake magana, yana tambayar ko ya rasa salloli. Daga nan shiru.

Kafin azahar aka fito da shi, bakinsa cike da yashi.

Bayan kwanaki na ce wa kakata wuni guda muka yi a bakin ramin. Ta girgiza kai. "'Yar nan, mace ba za ta gama surfe da daka a tsakanin ba. Tsoro ne ya ja miki shi."

Abin da ya biyo baya kuwa gudu ya yi. Muka koma Guci wajen dangin Inna, na yi aure, na haihu, na binne biyu. Damina ta haɗe da damina, ba na iya rabe su. Fuskar mijina ma ta fara ɓace mini.

Yanzu jikana da ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana ɗaure da agogo. Ya ce kowace sa'a daidai take da 'yar'uwarta, ba mai tsawo, ba gajera. Ban yi masa gardama ba. Amma a lissafin babana kwana biyu ya yi cikin duhu yana jiranmu, kuma da wannan lissafin ya mutu.