Gaiwar da Kaka Dije Ta Bari a Rami

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka a Adar ina da shekara tara, muna zaune a wani ƙauye kusa da Afala. Lokacin mulkin soja ne. Mahaifina yakan tafi Tawa da jaki ya bi layin rabon jar dawa, wani zuwan ya samo, wani zuwan ya dawo da buhu a naɗe. Mahaifiyata kuma tana goyon ƙanwata, nono ya soma ƙafewa.

Duk da haka Kaka Dije, uwar mahaifina, ba ta fasa tatsuniya ba. Da an yi sallar magariba sai ta tura kara biyu a murhu, mu kewaye ta. Ita ba ƴar Adar ba ce, ɗiyar masunta ce daga bakin gulbin Sakkwato, aure ya kawo ta ƙasar duwatsu. Shi ya sa tatsuniyoyinta duk na ruwa ne.

Wata maraice ta ce, "Ga tawa nan tahe." Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai tabki ne ya soma janyewa. Karfasa ta ce ruwa bai taɓa ƙarewa ba, ta ci gaba da wasanta har rana ta gasa ta. Tarwaɗa ta bi raɓa da jan ciki ta tafi neman wani ruwan. Gaiwa kuwa ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar ƴar ƙofa ta shan iska. Laka ta bushe a kanta, tana ciki tana cin kitsenta. Sai wani masunci mai jin yunwa ya gano ramin. Gaiwa ta ce masa, "Mu huɗu ne a nan. Ɗauki uku, ka bar ɗaya, in kana son ɗiyanka su san kihi." Ya bari. Da damina ta faɗi, wadda ya bari ta cika tabkin da ƴaƴa.

Mahaifina yana gefe yana saurare. Ya ce, "Inna, kihi cikin busasshiyar ƙasa? Wanga sai tatsuniya."

Ta ce, "Gobe ka ɗauko hauya ka biyo ni."

Da safe muka bi ta zuwa tabkin bayan gari, wanda ya tsattsage kamar tsohuwar tukunya. Ba ta nufi tsakiya ba, sai wani kwari inda ruwa ya yi ƙarshen kwanciya. Tana tafe a duƙe, tana shafa ƙasa. Ta wuce ramuka da dama, ta ce na ƙwari ne. Can ta tsaya a kan wata ƴar ƙofa mai sulɓin baki, ta ɗiga ruwa daga buta, ta kara kunne. Ni ma na kara, na ji wani ɗan gurnani daga ƙasa.

Mahaifina ya haƙa kamu ɗaya, ya ciro dunƙulen laka. Da ya fasa, ga gaiwa a naɗe, da ranta. Kafin hantsi mun ciro biyar. Da Kaka ta gano rami na shida da na bakwai, sai ta miƙe ta ce a tafi gida.

Ya ce, "Inna, yara na kwana da yunwa."

Ta ce, "Na sani, jikokina ne. Amma ubana bai taɓa ƙare rami ba, ni ma ba ni farawa."

Ya daɗe tsaye da hauya a hannu, sannan ya saɓa ta. Ran nan mahaifiyata ta sha romo, sauran aka kyafe, ana gutsura mata kaɗan-kaɗan har ƙanwata ta murmure.

Na daɗe ina zaton haƙurin gaiwa tatsuniyar take koyarwa. Sai da na girma, na san yadda kukan ɗa mai jin yunwa yake a kunnen uwa, na gane da mahaifina take magana a maraicen nan. Ta san gano ramin ba shi ne mai wuya ba, wuyar ita ce ka bar abinci a ƙasa alhali cikinka babu komai. Bara na ratsa ta ƙauyen lokacin girbi, na tarar da samari suna jan taru a tabkin. Na sayi gaiwa biyu a hannunsu. Na tambaye su ko sun san wata Dije, suka ce ba su taɓa jin sunanta ba.