Ruwan da Ya Tsaya a Bakin Gonata

Ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla bai kai gida ɗari biyu ba, amma unguwa uku ne: Kanawa, Zazzagawa da mu Gobirawa. Kowace da dattijonta da masallacinta, kuma ba wadda ke karɓar umarnin wata. Kakanninmu sun baro biranensu sun taho nan gabas, cikin masu jin Larabci, da halinsu cif.

Ni malamin tarihi ne, na san tushen abin. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai yadda Kano da Zazzau da Gobir suka zauna kowa cikin ganuwarsa, da sarkinsa da kasuwarsa, yau ciniki gobe yaƙi. A aji ina alfahari da su. A ƙauye kuwa haushi suke ba ni.

Wata damina ruwan sama ya ɗauke, ciyawa da laka suka toshe tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Dawata tana can ƙarshen layi, ganyenta ya fara nannaɗewa, ga shi ita ce abincin gidana na shekara. Mufattishi, wato jami'in ruwa, ya ce a turo masa mutum ɗaya wakilin ƙauye. Aka tura uku, kowace unguwa da nata, ya kore su.

Ran Juma'a na miƙe a taro na zuba musu lacca. Na ce wannan rarrabuwar ce ta karya biranen da, kuma daga yau ni ba ɗan unguwar kowa ba ne, ɗan ƙauye ne kawai. Har yau ina ganin rabin maganata gaskiya ce.

Dattijon Gobirawa, Baffa ƙanen mahaifina ne, ya ce, "Kwayyis, da kyau, ya ustaz. Mun jiya."

Washegari suka raba tur'ar uku, kowace unguwa za ta yashe inda ta ratsa gonakin mutanenta. Kanawa na tsokanar Zazzagawa wai ba su iya riƙe shebur ba, Gobirawa na yi wa duka biyun dariya. Don gudun gori, aikin mako suka gama shi a kwana biyu. Ruwa ya taho har ya tsaya taku arba'in daga gonata, wajen da ba a ba kowa ba.

Na yi yini guda ni kaɗai cikin laka, ban ci taku biyar ba. Tsoro ya kama ni sosai, don dawar ba za ta ƙara kwana uku ba. Na tafi wurin Baffa da laka har gwiwa.

"Baffa, a taimake ni."

Ya dube ni a natse. "Ɗana, mu namu muka yashe ma. Kai ɗan wane birni na?"

Ban taɓa ganin Gobir da idona ba, shi ma haka. Na sunkuyar da kai na ce, "Bagobiri ne, Baffa."

Ya juya ya ƙwala wa maƙwabta kira, "Ku ɗauko shebur, ustaz ya dawo gida."