Mai Fentin da Ya Koma Fasa Bango

A layinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Gama-yau ake ce masa, domin in aka ba shi ɗaki da safe, kafin la'asar ya wanke buroshi ya saɓa tsani a kafaɗa. Gajere ne, mara yawan magana, kuma farcensa bai taɓa rabuwa da farin fenti ba.

Kusan duk aikinsa daga hannun wani dillalin gidaje yake fitowa. 'Yan haya su tashi, dillali ya kira shi, ya shafe ɗakin fari tas, sababbi su shigo su shaƙi ƙanshin fenti su ce sun dace. Kafin ya fara, yakan ƙwanƙwasa bango da ƙotar buroshi. Bango mai lafiya, da ƙarfi yake amsawa. Wanda ruwa ya ci ta ciki kuwa, sai ka ji kamar an bugi kwali. Kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. In ya ji sautin kwalin, sai ya ƙara wa fentin kauri, ya maimaita shafi, ya kama gabansa. Kafin danshi ya fito fili, mutane sun riga sun shimfiɗa gado.

Haka ya yi ta yi har shekarunsa suka haura hamsin.

Wata rana ya je duba jikarsa da tari ya ƙi saki. 'Yarsa ta fari da mijinta ba su daɗe da kama haya a wata unguwa ba. Yana zama, ya hango bangon bayan gadon yarinyar ya kumbura, fenti na ɓarewa, baƙar fumfuna ta yi layi har ƙasa. Ya ɗaga kai ya dubi kusurwa. Yadda aka murɗa buroshi a wurin, mutum ɗaya ne a garin yake yin haka.

"Baba, dubi aikin wani mara tsoron Allah," in ji 'yar. "Da ma kai aka ba ɗakin nan."

Ya miƙe, ya ja gadon zuwa tsakar ɗaki shi kaɗai, ya yi sallama.

A makon nan dillali ya kai shi wani gida da masu haya ke jiran shiga. Gama-yau ya ƙwanƙwasa bangon da ke jingine da banɗaki. Kwali. Ya daɗe a tsaye, gwangwanin fenti a buɗe a gabansa. Ya san in ya mayar da murfin nan, abincin gidansa ya rufe. Ya mayar, ya ɗauki ƙarfen kankare bango.

Da dillali ya dawo, ya tarar da filasta a zube a ƙasa, bulo a tsirara, jiƙe sharkaf.

"Kai, Gama-yau! Fenti na ce ko rushe gida?"

"Akwai bututun da ke yoyo a ciki, ranka ya daɗe."

"To ina ruwanka? Kai mai famfo ne? Shafe mini kawai, kamar kullum."

"Na daina."

"Ka daina? Da girmanka za ka fara sabon hali? Mu da muka san juna!"

"Shi ya sa nake gaya maka a ido."

Dillali ya kira wani mai fentin tun Gama-yau bai gama kwashe kayansa ba.

Aiki ya ɗauke ɗif. Matarsa ta ga mutum ya wuni a gida yana wanke buroshin da yake a wanke, ta ce, "Malam, in ka ci gaba da haka gashinsa zai ƙare. Gama-yau ya zama Zauna-yau ke nan?" Ya faɗa mata abin da ya gani a ɗakin 'yarsu, bai rage komai ba. Sai ta ce, "To tunda ka iya jin ciwon, je ka koyi maganinsa mana. Ƙanenka ba mai famfo ba ne?"

Nan ne abin ya fi wuya. Wannan ƙane, Gama-yau ne ya goya shi yana jinjiri. Da sassafe ya isa shagonsa, ya tsaya a ƙofa.

"Yaya, lafiya?"

"Koyon aiki na zo."

Ƙanen ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga fuskar yayan ba ta motsa ba, ya haɗiye sauran.

"Yaya, ni ba zan iya aikenka ba."

"Za ka iya. Ina jakar?"

Aka riƙa ganin dattijo da furfura yana bin ƙanensa da jakar sifanu. Ya ɗaure bututu ya yi yoyo. Ya sake, ya kuma yin yoyo. Ruwa ya taɓa feshe shi a gaban matan wani gida, suka yi ta ƙyaƙyatawa ta taga. Tsofaffin abokan sana'a in sun gamu da shi sai su ce, "Sannu ɗan makaranta, an tashi?" Ya ce, "Da saura." Mutane da yawa kan ce sun sake hali, in ka duba bakinsu ne kawai ya sake. Shi wannan gwiwoyinsa ne suka yi kanta a kan siminti.

Bangon da ya fara gyarawa da hannunsa na ɗakin 'yarsa ne. Ya nemi izinin mai gidan, ya fasa, ya sauya bututun, ya bar bulon a buɗe ya sha iska. A ranar ya gaya mata wanda ya yi fentin farko. Ta dube shi, ta dubi yarinyar, ta fita tsakar gida. Da ta dawo, ruwan sha ta kawo masa.

Masu zama a gidajen kansu ne suka fara nemansa ɗaya-ɗaya. Ba su da yawa, kuma har yau bai koma samun da yake yi a da ba.

Bayan damina ta wuce, sai ga motar dillali a ƙofar gidansa. Mutumin ya fito yana sosa ƙeya.

"Ba na haya ba ne," in ji shi. "Ɗakin tsohuwata ne. Ƙirjinta ya matsa mata."

"Ina mai fentinka?"

"Shi ya shafa shi ai."

Suka je. Tsohuwar na zaune a kujera, an lulluɓe ta da bargo. Gama-yau ya durƙusa ya gaishe ta, ya zaro buroshi, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa. Dillali, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya tsaya tsit yana saurare. A ƙarƙashin taga sautin ya sauya, har shi ma ya ji.

"Yaushe za ka gama?"

"Ran da ya bushe."

"Ɗana," in ji tsohuwar, "ba kai ne ake ce wa Gama-yau ba?"

"Ni ne, Inna. Sunan ne ya ƙi tafiya."

Ya ce a mayar da ita ɗaya ɗakin, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki guduma. Gidajen haya dai dillali bai sake ba shi ko ɗaya ba, shi ma bai tambaya ba.