Kurar da Kaka Ta Aika wa Baba

A tsohon Zangon Lome na girma, tun kafin a tashe mu, a gidan mahauci. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya ce ashe mun ci nama mun more. Ƙamshi dai mun sha. Baba kan dawo daga kasuwa da hanta da tsoka a ƙunshe cikin takarda, Inna ta dafa, a tsame a jera cikin akushinsa, a kai zaure inda yake ci da baƙinsa. Mu yara sai tuwon masara da ruwan miya, in an yi sa'a a samu ƙashi. Ƙwai kuwa ko kusa. Wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, kuma Baba ya riƙe wannan magana kamar a allo ya karanto ta.

Shekarar da aka yaye ƙanwata Ladidi ne abin ya fara cin raina. Koko ake ɗura mata safe da yamma, farin koko da sukari. Ƙafafunta suka kumbura, cikinta ya yi tulu, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Ta daina ƙiriniya, sai ta zauna inda aka ajiye ta tana kallon mutane. Matan unguwa suka ce ciki ta sha, tunda Inna na da juna biyu. Aka jiƙa saiwoyi, aka ɗaura laya, amma ba wanda ya leƙa kwanon yarinyar, sai Kaka.

Kaka mahaifiyar Baba ce, sana'arta ƙuli-ƙuli. Ita ta fara daka ƙuli tana barbaɗa wa Ladidi a koko. Takan sayi ƙananan busassun kifi wajen matan Baguida na bakin teku, ta daka har da kai ta zuba a miya, ta dafa wake ya yi luguf ta murje shi da cokali. Amma ta san jikin da ya kai haka yana buƙatar ƙwai da hanta, kuma waɗannan sai da izinin maigida. Ga shi Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta taɓa tsayar da shi ta yi masa magana ba. Inna kuma tsoro. Dama zamanin jam'iyya ɗaya ne, kowa ya iya haɗiye magana, a waje da cikin gida.

Bayan magariba Kaka kan hura wuta ta soya gyaɗar gobe, mu kuma mu kewaye murhun don tatsuniya da ɓawon gyaɗa mai zafi. Ran nan sai ta ja murhun har kusa da ƙofar zaure, wai hayaƙi na damun ta. Baba na ciki da rediyonsa. Ta ɗora Ladidi a cinya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga ta nan tafe,” in ji ta, “mai kunne ya tare ta.”

Wai an yi wani gari da kura ta addaba. A ƙofar garin akwai ƙaton dutse, kullum da yamma magidanta su taru su mirgino shi su toshe ƙofa. Saboda su ke tura dutse, sai suka ce nama nasu ne, ƙwai nasu ne, yara su sha kunu kada su lalace. Haka aka yi ta tafiya. Yaran suka girma da ladabi, ba wanda ya taɓa ɗaukar ko allurar wani, amma kowanne kamar karan dawa. Magidanta kuma suka tsufa, suka yi teɓa, baya ya ƙage. Wata rana dattawa suka dafa dutse ya ƙi motsi. Aka kira samari. Suka jeru, suka yi nishi, dutse ko gezau.

“Sai kura ta shigo tana taku ɗai-ɗai,” Kaka ta ce tana juya gyaɗa. “Ta shinshina samarin nan, ta ce, Allah sarki, ku kam ba abin ci a jikinku. Ina waɗanda suka cinye rabonku? Ai can naman yake.”

Muka kwashe da dariya. Na tambaye ta ko kurar ta cinye dattawan duka.

“Ke dai ƙawata, ta ƙoshi,” ta ce. “Tatsuniya ta tsaya nan. Wanda ta taka wa ƙafa ya janye.”

A zaure muka ji an kashe rediyo. Baba bai fito ba har aka kira isha'i.

Washegari akushinsa ya dawo daga zaure da hantar a ciki, ba a taɓa ba. Inna ta tsorata, ta ɗauka miyar ce ba ta yi ba. Ya ce mata, yana kallon bango, “Ba ni jin cin hanta kwanan nan. Kada a zubar.” Bayan kwana kaɗan ya shigo da ƙwan zabi a hularsa, ya ajiye kusa da turmin Kaka ya wuce. Ita ma ba ta ɗaga kai ba. Ta dafa ɗaya, ta ɓare, ta murmushe gwaiduwar a bakin Ladidi.

Kumburin ya saɓe a hankali, gashi ya dawo baƙi, rigima ta dawo har muka fara gajiya da ita. Mutane suka ce layar ce ta yi aiki, Kaka ta bar su da faɗarsu.

Da ina yarinya, wayon Kaka ne ke burge ni. Yanzu da na yi jikoki, haushi ne ya fi yawa. Maganin yarinyar nan yana cikin gidan tun farko, a akushi, taku kaɗan daga inda take zaune. Wake da gyaɗa da kifi kuwa ko talaka bai rasa su a Zango. Amma sai da tsohuwa ta ƙirƙiro kura kafin a ba 'yar mahauci hanta. Har yau nakan ji uwa a unguwarmu tana hana ɗanta ƙwai da wannan tsohuwar magana, kuma ni ba ni da kunyar ɗan fari a kan kowa, a take nake faɗa mata. A gidana yara ake fara zuba wa, da wake ko ƙwai ko kifi a kai, sannan manya.

Ladidi na nan da ranta, ta ci ƙwai iya cinta, ba ta taɓa satar komai ba. Sai dai duk gidanmu dogaye ne, ita kaɗai ce ba ta wuce kafaɗata ba. In muka jeru a biki na dube ta, sai na tuna akushin nan. Tsayin da aka cinye mata a zaure bai dawo ba.